Kafin Mu Rushe Tsohuwar Majami'a

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari. Magana ce a kan ginin coci, amma abokaina Musulmi kada ku wuce, don rabin abin da zan faɗa ya shafi kowane ɗakin da mutum ɗari biyar ke taruwa a ciki su sunkuyar da kai suna addu'a.

Lokacin lancin ya kama. Da zarar an gama girbi sai ambulan ta fara yawo a ofisoshi da rukunonin WhatsApp: gidauniyar gina sabuwar majami'a. A jikin katin gayyatar za ka ga hoton ginin da ake mafarki, gilashi mai duhu tun daga sama har ƙasa, ginshiƙai irin na banki, hasumiya biyu, ga manyan motoci jere a gaba. A ƙasan hoton an rubuta yawan kujeru da manyan baƙaƙe. Abin da ba a nunawa shi ne cikin ginin. Ƙofa nawa ce, ta wane ɓangare take buɗewa, ta ina iska za ta shiga ta fita, tsohuwar da ke zaune a layin ƙarshe za ta ji wa'azi ko kuwa ƙara kawai za ta sha. Kuma sau da yawa matakin farko na shirin shi ne a rushe tsohuwar majami'ar da iyayenmu suka ɗora da hannunsu, wai ta yi ƙauyanci.

Ni a ganina mun juya aikin baibai. Muna fara zana coci daga bakin titi, daga abin da mai wucewa zai gani ya ce kai, waɗannan sun iso. Alhali daga ciki ake farawa, daga abin da jama'a za su yi in sun shiga, da yadda za su fito lafiya in wani abu ya faru.

Kowa ya san inda muka samo wannan gasa ta kujeru. A 1999 aka buɗe Faith Tabernacle a Ota, jihar Ogun, mai cin mutum dubu 50. A Nuwamban 2018 aka buɗe Glory Dome a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, masu shi suka ce yana cin dubu 100. A Ota ɗin ma an fara gina wani da aka ce zai kai haka ko ya fi. Ba zaginsu nake ba. Suna da jama'ar, suna da kuɗin, suna iya ɗaukar injiniyoyin da suka san aikin. Damuwata ita ce ikilisiyar da membobinta ba su wuce ɗari uku ba, rabinsu manoma, rabi malaman firamare da 'yan fansho, ta ɗauko hoton wancan ginin ta miƙa wa birkila ta ce yi mana irin wannan. Daga nan sai a shekara goma sha biyar ana sujada a cikin kango, rodi a tsaye yana tsatsa, kowace Lahadi baiko biyu, na biyun na gini ne.

Gasar nan ta girme mu nesa ba kusa ba. Akwai wani gari a arewacin Faransa, Beauvais, da ya kamata kowane kwamitin gini ya ji labarinsa. A ƙarni na 13 garuruwan yankin suna ta rige-rigen wa zai fi wani dogon babban coci. Amiens ta kai rufinta kimanin mita 42 daga ƙasa. Mutanen Beauvais suka ce ba za a fi su ba, suka fara nasu a 1225, suka kai mita 48, wato kusan tsayin bene mai hawa goma sha biyar, da dutse, ba siminti irin namu. A 1272 aka fara sujada a sashen da aka gama. Shekara goma sha biyu kacal, a 1284, wani ɓangaren rufin ya rufto. Aka koma ana gyara, aka ninka ginshiƙai, aka sha shekaru da dama. To ka ce sun ji? Bayan kusan shekara ɗari uku, maimakon su gina babban zauren da jama'a za su zauna, wanda shi zai tokare sauran ginin, sai suka zuba kuɗin a hasumiya mai mita 153. An gama ta a 1569, ta faɗo a 1573. Har yau da nake wannan rubutu ba a gina zauren nan ba. Abin da ke tsaye a gurbinsa shi ne ragowar tsohon ƙaramin cocin da aka gina wajen shekara ta 1000, wanda aka yi niyyar rushewa idan sabon ya iso wurin. Sabon bai iso ba. Ƙaramin yana nan.

Idan ka bi tarihin ginin coci, za ka ga siffarsa kullum tana bin abin da ake yi a ciki ne. Mafi tsufan wurin sujadar Kirista da masu tonon tarihi suka gano yana Dura-Europos a ƙasar Siriya, na wajen shekara ta 240. Gida ne kawai na zama. Aka cire bango tsakanin ɗaki biyu don mutum sittin zuwa saba'in su samu wuri, aka ware wani ɗaki aka yi kwamin baftisma. Shi ke nan. Da sarki Constantine ya ba Kirista 'yancin yin addininsu a 313, jama'a ta ƙaru, ba su kwaikwayi haikalin gumakan Romawa ba, don shi ɗakin gunki ne, mutane a waje suke tsayawa. Sai suka ɗauki fasalin basilika, dogon zauren da Romawa ke shari'a da ciniki a ciki, tunda shi an yi shi ne domin taro. Da gyaran ikilisiya ya zo a ƙarni na 16, wa'azi ya zama tsakiyar sujada a wurin Furotesta, sai mumbari ya matso inda kowa zai gani. Bayan gobarar Landan ta 1666, Christopher Wren, wanda ya zana babban cocin St Paul, ofishinsa ya sake gina majami'u kusan hamsin. Mutumin nan da ya iya babban gini ya ba da shawarar cewa cocin unguwa bai kamata ya wuce mutum dubu biyu ba, saboda fiye da haka ba kowa zai ji mai wa'azi ya kuma gan shi ba. Su ma Katolika, bayan babban taron Vatican na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, sun janyo bagade daga jikin bango don limami ya fuskanci jama'a. Sujada ta sauya, gini ya bi ta.

To mu fa, me muke yi a cikin coci? A nan ne nake so a tsaya a yi tunani, don amsar ba ta cikin hoton da aka sauko da shi daga intanet. Mu zumuntar mata na fitowa da tulu da kacau-kacau, mata arba'in ko hamsin, suna bukatar fili a gaba inda za su tsaya su juya. Mu da rawa muke kai baiko, layi-layi, ranar godiyar kaka har da buhunan masara da dami da akuya. Wannan yana bukatar faffaɗar hanya a tsakiya da gefe da gefe, yadda mai tafiya da mai dawowa ba za su yi karo ba. Muna da mawaƙa, muna da matasa masu ganga da jita. Muna da mata masu goyo da ke fita su dawo sau uku kafin a tashi. Muna da 'yan makarantar Lahadi da yawansu kan kai na manya, amma a mafi yawan zanen da nake gani babu ko ɗaki ɗaya dominsu, sai gindin bishiya, in ma an bar bishiyar ke nan. Ana shigo da akwatin gawa, ana shigo da amarya. Akwai baban da ƙafarsa ta daina hawa matakala, ga shi an yi wa ƙofar shiga matakala tara don ginin ya yi kwarjini. Mai keken guragu kuwa sai dai matasa su cicciɓe shi kamar kaya, kowace Lahadi, a gaban kowa.

Sai maganar ji. Tsoffin manyan majami'un Turai na dutse, idan ka yi magana sautin kan yi sakan shida ko fiye yana yawo kafin ya mutu. Wannan ya dace da irin waƙarsu mai jan murya a hankali. Magana kuwa tana son ɗakin da sauti zai mutu cikin kamar sakan ɗaya, in ba haka ba kalma ta biyu ta hau kan ta farko. Mu kuma mun fi kowa bukatar a ji magana, don a wurare da yawa fasto na faɗa da Turanci tafinta na maimaitawa da Hausa, ko Hausa da yaren gari. Amma dubi abin da muke yi: tayil a ƙasa, tayil a bango, gilashi a gefe, silin mai santsi a sama, ba abin da zai shanye sauti ko ɗaya. In aka ce ba a ji, sai kwamiti ya sayo ƙarin lasifika. Ƙara ta ninku, fahimta ta ragu, tsofaffi su koma gida da ciwon kai, maƙwabta kuma su fara ƙorafi, su ma da gaskiyarsu. Labule mai kauri a bangon baya, silin mai shan sauti, ƙananan lasifika da aka rarraba a jikin bango maimakon manya biyu a gaba, duk ba su kai kuɗin hasumiya ɗaya ba.

Zafi kuma ai ba sai na yi dogon bayani ga wanda ya taɓa zama a coci da rana a watan Afrilu ba. Tagar gilashin nan da ake turawa gefe, wadda kowa ke yayi, rabinta kawai ke buɗewa, ko ka so ko ka ƙi. Tsohuwar taga mai ganye-ganye ko ta katako mai buɗewa waje kusan duka take ba ka. A sa kwano kusa da kai, a toshe saman bango inda iska mai zafi za ta fice, sannan a ce za a saka na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda janareto ke cin aljihu. Kuɗin da ya kamata ya je ga gwauraye da marayu da albashin mai bishara a ƙauye, shi ke ƙonewa a bayan coci yana hayaƙi. Ginin da ba a iya zama a cikinsa sai da janareto bashi ne aka ɗora wa jikoki.

Abin haushin shi ne muna da misali a gida. Duk wanda ya je Wusasa, kusa da Zariya, ya nemi a nuna masa tsohon cocin St Bartholomew da aka gina a 1929, lokacin da mishan ta CMS ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma can. Ginin ƙasa ne irin na maginan Hausa, bango mai kauri, bakan gizo a ciki yana riƙe da rufi. Ka shiga da tsakar rana ka ji yadda jikinka zai gaya maka bambanci. Kaurin bangon ne ke tare zafin rana, ba ya isowa ciki sai dare ya yi, lokacin an tashi. Garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi ke nan, kuma ginin ya kusa cika shekara ɗari. Waɗanda suka gina shi ba su ga cewa sai coci ya yi kama da na Ingila kafin ya zama coci ba. Mu jikokinsu ne muke jin kunyar tubali.

Kada wani ya ce na ce a koma ginin laka ko ta halin ƙaƙa. Ginin ƙasa yana son kulawa, yaɓe kafin damina, gyaran indararo, duba azara saboda gara. In aka yi sakaci yana kisa kamar kowane gini. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani na wajen shekarun 1830, ya rufta wa masu sallar la'asar, mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan ya isa ya tuna mana cewa tsufa kaɗai ba ya riƙe rufi. Abin da nake cewa shi ne hikimar da ke cikin tsohon gini, wato kauri, inuwa, tsayin rufi, hanyar iska, ana iya ɗaukarta a sa a sabon kaya. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka matse da inji, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska ke ratsawa tsakani. Irin wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Pritzker a 2022, babbar lambar masu zanen gini ta duniya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Ga kuma darasi daga 'yan'uwanmu Musulmi na Dandaji a Jamhuriyar Nijar. Masallacinsu na ƙasa ya tsufa, ya kuma yi musu kaɗan. Maimakon a baje shi, masu zane biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018. Garin ya samu gini biyu a madadin ɗaya. Me zai hana tsohuwar majami'armu ta zama ajin makarantar Lahadi, ko wurin addu'ar safe, ko ɗakin karatun yaran unguwa? A cikinta aka yi wa iyayenmu baftisma, a cikinta aka ɗaura musu aure. Matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasarta a ka, wasunsu suna nan da rai, suna zaune a layin baya ana tattauna ranar da za a kawo katafila.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: ai Allah ya cancanci mafi kyau, Sulemanu ma shekara bakwai ya yi yana gina haikali. Na yarda, kuma ban ce a gina wa Allah akurkin kaji ba. Wurin sujada ya kamata in ka shiga ka ji muryarka ta sauka da kanta. Amma wannan daga haske yake zuwa, da tsari, da tsabta, da daidaiton tsayi da faɗi. Tsada wani abu ne daban. Shugaba Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya gina basilika a garinsu Yamoussoukro daga 1985 zuwa 1989, kwaikwayon ta St Peter da ke Roma, tsayinta mita 158, kujeru dubu bakwai. Fafaroma John Paul na biyu ya zo ya keɓe ta a 1990, bisa sharaɗin a gina asibiti a kusa. Basilikar shekara huɗu ta ci. Asibitin sai da aka shekara ashirin da ɗoriya kafin ya buɗe. A ranakun Lahadi na yau da kullum kuwa mafi yawan kujerun nan babu kowa a kansu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna na yi rubutun nan, wato ƙofa.

Ranar 8 ga Disamban 1863, a birnin Santiago na ƙasar Chile, wuta ta kama wani coci da aka cika da fitilun mai da labulen ado ana tsakiyar biki. Mutum fiye da dubu biyu suka mutu, yawancinsu mata. Ƙofofin ciki suke buɗewa. Da jama'a suka ruga, nauyinsu ya danne ƙofa, na gaba suka faɗi, na baya suka hau kansu. Kada ka ce wannan tsohon labari ne. Ranar 14 ga Agustan 2022, a cocin Abu Sefein da ke unguwar Imbaba a Giza, ƙasar Masar, wutar lantarki ta tashi daga na'urar sanyaya ɗaki ana cikin sujadar safe. Mutum 41 suka rasu, da yawansu yara ƙanana. Hayaƙi da turmutsutsu ne suka kashe mafi yawa, a cikin gini mai hawa-hawa a lungu mai ƙunci, wasu sai ta taga suka diro.

Mu a Arewa matsalarmu ta ninku, kuma dole a faɗi gaskiya. Tun harin bam na ranar Kirsimeti ta 2011 a cocin St Theresa da ke Madalla, da waɗanda suka biyo baya, majami'u suka koma kamar barikin soja. Doguwar katanga, ƙofa ɗaya tak inda ake bincike, ƙarfe a kowace taga, ƙofofin gefe a garƙame da kwaɗo. Ba wanda zai zarge mu, mun ga abin da muka gani. Amma abin da ke hana mugu shiga shi ne dai ke hana mutum ɗari takwas fita in waya ta yi tartsatsi a silin, ko wani yaro ya yi ihun ƙarya. Ka tambayi masu tsaron ƙofa a cocinku wa ke riƙe da makullin ƙofar gefe. Galibi wani dattijo ne guda, kuma mai yiwuwa yau ya yi tafiya.

Tsaro da hanyar tsira ba kishiyoyi ba ne in an zana su tare tun farko. Hanyar shiga ta zama ɗaya, ba laifi. Hanyoyin fita su zama da yawa, a kowane gefe, masu buɗewa waje, da sakata irin wadda ake turawa daga ciki amma ba ta buɗuwa daga waje. Ƙarfen wasu tagogin a yi shi mai buɗewa. In akwai bene a ciki, matakala biyu a ɓangarori daban-daban, masu faɗi, ba 'yar siririya ɗaya mai murɗewa ba. Kujerun roba da ake jerawa a kan hanya ranar Ista da Kirsimeti, ranar da aka fi cika, a daina. Katangar waje ma ta samu ƙofa ta biyu, don ba amfani mutane su tsere daga ɗaki su maƙale a tsakar gida. Ɗakin yara kuma ya kasance a ƙasa, kusa da fita. Duk wannan a takarda kusan kyauta ne. Sai bayan an zuba kankare yake zama tsada.

Sannan rufin kansa. Faffaɗan zaure marar ginshiƙi a tsakiya, irin wanda kowa ke so yanzu don a hango fasto daga ko'ina, shi ne mafi wuyar gini a lissafi. Ba aikin mai walda na bakin kasuwa ba ne, komai ƙwarewarsa a ƙofa da taga. Ranar 10 ga Disamban 2016 rufin ƙarfe na cocin Reigners a Uyo ya rufto kan jama'a ana bikin naɗa bishop, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, yana ciki, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ginin ba a gama shi ba, an yi ta gaggawa ne don a cim ma ranar biki. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, wasu majiyoyi suka ce sun haura ɗari. Kafin nan, a Satumban 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue a Ikotun, Legas, ya rushe ya kashe mutum 116, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. Ana ƙara masa hawa ne a lokacin, kuma binciken da kotu ta yi ya nuna ba a samu izinin ginin ba. A cocinmu na gida me ake cewa in wani ya ɗaga hannu ya tambayi ina lissafin injiniya? A ce masa ba shi da bangaskiya. Haba jama'a. Kuɗin mai zane da injiniya ɗan kaɗan ne a cikin jimlar kuɗin gini, kuma kusan kowace babbar ikilisiya tana da 'ya'yanta da suka karanta wannan fanni. Sai dai a kwamitin gini ba su ake sakawa ba, wanda ya fi ba da gudummawa ake sakawa, shi kuma ya zo da ɗan kwangilarsa.

Nan kuma dole in juyo kanmu, mu ma'aikatan gwamnati, don da hannunmu a ciki dumu-dumu. Shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan cewa a wasu jihohin Arewa samun takardar fili da izinin gina coci kamar haƙar rijiya da allura ne. Fayil ya shiga ya kwanta, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, shekara da shekaru. Ko me mutum yake ji game da wannan ta fuskar addini ko siyasa, ya dubi abin da yake haifarwa. Mutane ba sa daina sujada don an hana su takarda. Sai su sayi gidan zama, su fasa bango, su ɗora hawa, su yi shiru kada a gani. Ba zanen da aka duba, ba injiniyan gwamnati da ya leƙa, ba jami'in kashe gobara da ya ƙirga ƙofa. Masar ta yi shekaru aru-aru da irin wannan takurawa kafin ta yi dokar gina coci a 2016, kuma majami'u da yawa a can a cikin gidajen da aka sauya suke, a lunguna irin na Imbaba. In irin wannan gini ya faɗi, ba ya tambayar addinin maƙwabcin da ya faɗa wa.

A ɗaya gefen kuma, inda izinin ke samuwa cikin sauƙi, sau da yawa sauƙin ya yi yawa. Da an ga sunan coci ko masallaci a bangon fayil, sai jami'i ya ji tsoron tambaya kada a ce yana yaƙi da aikin Allah, ko kuma wani babba ya bugo waya, a buga hatimi a wuce. Duka biyun rashin yin aiki ne. Abin da ya kamata mai sauƙi ne: ƙa'ida ɗaya ga kowane ginin taron jama'a, coci ne, masallaci ne, ɗakin biki ne. Wa'adi sananne da za a ba da amsa a rubuce, in an ƙi a faɗi dalili. A je a duba a matakin tushe, a sake dubawa kafin a ɗora rufi, kuma kada a bari a yi taro a ƙarƙashin rufin da ba a gama ba, ko da gwamna ne babban baƙo. Allon da ake kafawa a gaban gini kuma, wanda yanzu hoton fasto da matarsa ke cinye rabinsa, a rubuta masa sunan mai zane, sunan injiniya da lambar rajistarsa, da lambar izinin da sunan ofishin da ya bayar, yadda duk wanda ya zo wucewa zai iya karantawa.